Yaron Wajen Yaya

Alhamis, 3 ga Agusta 2000, bayan magariba

Kasuwar Shinkafi ta ci duk da ruwan safe. Na duba shanun da za a loda zuwa kudu, na hana biyu hawa mota, masu su suka bi ni da harara har bakin tasha. A hanyar dawowa Ƙaura na tsaya Moriki gaida Inna, kamar kowace Alhamis.

Yaron wajen Yaya yana ɗingishi. Ƙafar hagu. Ya kawo mini ruwa yana dafa bango.

Ban tambaya ba. Ɗana ne na fari, ga Inna zaune, ga Yaya Maiwada. Tun ranar da aka yaye shi Yaya ya ɗauke shi, don shi Allah bai ba shi haihuwa ba, kuma tun ranar ban taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a cikin littafin nan. Shekararsa tara. Haka muka tarar ana yi, ban taɓa jin nauyin abin ba.

Yaya ne ya faɗa da kansa, yana kallon Inna: "Langa ce. Ya hwaɗi wurin langa, targaɗe ne. Gobe in kai shi Zurmi, Sodangi maɗori shi ja mai ƙahwar."

Na ce Allah ya sawwaƙe, kamar yadda zan ce wa ɗan maƙwabci.

Juma'a, 4 ga Agusta, da hantsi

Matata Zulaihat ta tambaye ni mutanen Moriki. Na ce lafiya. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ci gaba da tsefe wa ɗiyarmu Mardiyya kai. Ita da ta haifi yaron kunyarta ta fi tawa, ko hanyar da ya bi ba ta kallo in ya zo hutu.

Ban san dalilin da ya sa na ce duka ba.

Talata, 8 ga Agusta, da yamma

Rigakafin awaki a Kurya Madaro. Ruwa ya tare mu. Ba labari.

Alhamis, 10 ga Agusta, bayan magariba

Sodangi ya ɗaure gwiwar hagu da kara da tsumma. Yaron yana kwance a ɗakin Inna, jikinsa da ɗumi. Abin da ya tsaya mini shi ne, ƙafar da aka ɗaure ba ita yake riƙewa ba. Ƙwaurin dama yake murzawa.

Inna tana tsokanarsa, da yake sunan marigayi mahaifinmu gare shi, mijinta take ce masa. "Wanga miji nawa rago ne. An ɗaure hagu ya koma dama. Gudun noma ne, na gane ka. In ba ka tashi ba in sake miji."

Ya ce, "Wa za shi kwashe ki, tsohuwa, ba haƙori?"

Aka yi dariya, har da ni. Amma da ya juya na ga tabo shuɗi a cinyarsa, wani a dantse. Yaya ya lura da inda idona ya tsaya. Ya ce Sodangi hannu gare shi, sai da mutum biyu suka danne yaron. Hakan zai iya zama. Na sha ganin maɗora suna aiki.

Amma a dantse?

Lahadi, 13 ga Agusta, bayan azahar

Na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Damina ce, kowane gida akwai mai zazzaɓi. Yara masu tsawo sukan yi ciwon ƙafa. Wanda ya rage taka hagu dole dama ta gaji. Kowanne yana da amsarsa. Ni kuma malamin dabbobi ne mai takardar sakandare da kwas na wata tara, ba likita ba. Yaya ya fi ni sanin yaron, shi yake kwana da shi.

Kowanne yana da amsarsa. Na rubuta haka sau biyu yanzu.

Alhamis, 17 ga Agusta, bayan magariba

Inna ta ce akuyarta ba ta cin abinci, in duba mata. Tana ɗaure bayan rumbu. An kwance ɗorin, yaron ya biyo ni da sanda, wai shi zai riƙe mini ita. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ɓare bakinta, na taɓa cikinta, sannan na ja fatar idonta ƙasa kamar yadda nake yi kullum. Ya ce, "Baba na Ƙaura, mi kake dubi nan?" Na ce jini. In cikin fatar ja ne, dabba tana da jini. In fari ne, tsutsa ta shanye ta. Na akuyar ja ne, ƙoshi ne kawai ya yi mata yawa.

Sai ya sa yatsa ya ja tasa fatar idon, yana dariya. "To ni fa? In kai kasuwa ko a yanka?"

Fari. Kamar an shafa alli.

Da tunkiya na gani haka, ba zan bari a kai ta ko bakin gari da ƙafa ba. Na ce masa, "Kai ka kai kasuwa." Ya ji daɗi. Ya ce da dare ƙafafun suna yi masa kamar ana hura wuta a cikin ƙashin, ba a waje ba, a ciki, amma kada in gaya wa Baba, don ya ce zai sake kai shi Zurmi.

Wannan ita ce magana mafi tsawo da muka taɓa yi ni da shi.

Na fito na tarar da Yaya a zaure yana auna gero da mutane. Na tsaya. Ya ce, "Likitan awaki, ta mutu ko ta yi rai?" Na ce ta yi rai. Na hau babur.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi huɗuba a kan mudun awo da sabuwar doka. Ban riƙe komai ba. Ina ta shirya yadda zan faɗa wa Yaya.

In na ce a kai shi asibiti, na ce ba ya kula da shi. In na ce na ga idonsa, na ce ina duba shi a ɓoye. Duk yadda na juya maganar, abin da Yaya zai ji shi ne na zo karɓar ɗana. Matarsa ta riga ta sha maganganun mutane a kan rashin haihuwa. Yaya ne ya biya mini makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, da jakinsa da buhunansa. Abu ɗaya ya taɓa nema a wurina.

Kuma idan tsutsar ciki ce kawai?

Asabar, 19 ga Agusta, da safe

Na sayi maganin tsutsa da na ƙarin jini, na ba direban Moriki, na ce a kai wa Inna, na yaran gida ne. Yaran gida. Yaro ɗaya ne a gidan.

Zulaihat ta ƙara da ƙullin zogale da hanta soyayya. Ta ce na Inna ne. Inna ba ta iya tauna hanta.

Alhamis, 24 ga Agusta, bayan magariba

Ya tashi.

Na same shi a ƙofar gida yana buga ƙwallon tsumma da yara, ba sanda. Inna ta ce tuwo biyu yake ci yanzu, har yana lashe na mutane. Kumatunsa sun ciko. Yaya ya ce wani mai kemis a kasuwa ya haɗa masa ƙwayoyi, har da wasu ƙanana farare na ciwon gaɓoɓi, kwana biyu ya miƙe. "Sanyi ne ya shige shi. Ka ga da mun biye ma masu asibiti da yanzu muna Gusau muna sayen ruwa a leda." Ban ce a je asibiti ba. Ban san wa yake nufi ba. Ko ya ga abin a fuskata ne.

Na ji kunya har cikin raina. Saura kaɗan in ɓata tsakanina da ɗan'uwana a kan abin da ƙwayar kasuwa ta warkar.

Juma'a, 25 ga Agusta, da asuba

Alhamdu lillahi. Ban sake ganin idon ba dai.

Litinin, 28 ga Agusta, da yamma

Mayanka da safe, ofis da rana. Gero ya fara nuna a hanyar Kasuwar Daji. Lafiya.

Laraba, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Direban Moriki ya tsaya a ofis. Ya ce ƙwayoyin sun ƙare ranar Asabar, jiya yaron ya kwanta. Yanzu wuyan hannu ne da baya, ko zama ba ya iyawa. Ya yi haɓo har ya jiƙa zanin Inna. Yaya ya ce gobe za a koma Zurmi.

Na gaya wa Zulaihat. Wannan karon na faɗa mata duka, har da idon. Sannan ta ce, "Yaushe ka gani?" Na faɗa.

Ta ce, "Malam, akuyar Inna ka duba ta a ranar da aka ce ba ta da lahiya."

Ta ɗauki mayafi. Tun da sabuwar doka ta hana mata hawa kabu-kabu sai motar mata, ita kuma ba ta tashi sai ta cika. Na ce ta bari sai gobe mu tafi tare. Ta ce za ta zauna a tasha har ta cika, in ba ta cika ba ta taka. Shekara tara ban taɓa jin ta ce za ta Moriki don kanta ba, sai biki ko gaisuwa.

Na kai Mardiyya gidan maƙwabta. Gidan shiru.

Alhamis, 31 ga Agusta, bayan isha'i, Moriki

Ban je Shinkafi ba. Shanu su hau mota yadda suka ga dama.

Na iso na tarar an riga an shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kura, za a tafi Zurmi. Zulaihat tana tsakar gida tana wanke zanin, ba ta shiga ɗakin ba, amma ta zauna inda take ganin ƙofa. Na ce wa Yaya ina son magana. Muka shiga zaure. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Yaya, ba Zurmi ba. Gusau."

Ya ce, "Sodangi ya ɗora ubanmu, ya ɗora ni."

Na ce, "Ba karaya ba ce. Targaɗe ba ya tashi daga gwiwa ya koma hannu. Ba shi da jini, Yaya. Na gani."

"Ka gani. Yaushe kaf fara ganinai?"



Ya ce, "Ƙyanda ta kama shi, ni na kwana tsaye. Kaciya, ni na riƙe shi. Kai ko sannu. Yau ka zo ka gwada min yadda ake riƙon ɗa? In karɓa ka zo yi, ka hwaɗi, ga uwatai can ta riga ka isowa."

Na ce ban zo karɓa ba. Na ce ɗansa ne yau, ɗansa ne gobe. Na ce in aka je Gusau aka ce sanyi ne, ya tara mutanen gidan nan in ba shi haƙuri a gabansu, kuma ba zan sake buɗe baki a kan yaron ba har in mutu. Ban taɓa musu da shi ba, ko a kan gona.

Inna ce ta leƙo. Ashe tana bayan ƙofa. Ta ce, "Ku biyu ku ji. Na binne mai sunan sau ɗaya. Maiwada, juya motar."

Yaya bai dube ni ba. Ya fita ya yi wa direba magana. Da zai ɗauko yaron, yaron ya yi ƙara tun kafin a taɓa shi, sai a cikin bargo aka ɗauke shi, mutum huɗu. Ni na riƙe gefen ƙafa.

Direban ya ce gulbi ya hau hanya, sai da safe.

Asabar, 2 ga Satumba, da yamma, Gusau

Sun ɗebi jini jiya. Ba sikila ba ce, na so a ce ita ce, don ita na san masu rayuwa da ita. An ƙara masa jini leda ɗaya. Likitan ya kira wani likitan, suka duba takardar tare, suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Na ji wasu kalmomin. Ba zan rubuta su ba tukuna.

Sun ce Zariya, kuma kada mu wuce Litinin.

Yaya ya tambaye ni me suka ce. Na ce sun ce injinsu bai kai ba.

Litinin, 4 ga Satumba, bayan la'asar, Zariya

Likitar yara mace ce, tana jin Hausa sosai. Ta tambayi yaushe ciwon ya fara, Yaya ya ce kwana goma. Na ce wata guda ya wuce. Ta tambayi ko ciwon yana tashinsa daga barci, Yaya ya ce a'a. Na ce yana tashinsa, ya ce kamar wuta a cikin ƙashi. Yaya ya juyo ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Ta taɓa wuyansa, da hammata, da ƙasan haƙarƙari. Ta danna ƙashin ƙirji da yatsa ɗaya, ya zabura. Da Yaya ya nuna mata ledar ƙwayoyin, ta ware ƙananan fararen nan gefe. Ta ce irin wannan yana kwantar da ciwon na ɗan lokaci, yaro ya tashi ya ci abinci kowa ya saki jiki, kuma yana iya rikita gwajin da za su yi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce suna ganin haka da yawa, yaro ya zo bayan an yi ta ɗori da maganin sanyi, don ciwon da ƙafa yake fara sallama.

Yaya ya fita bai dawo ba sai magariba. Ya ce masallaci ya je.

Zulaihat ce ke kwana da shi, maza ba sa kwana a ɗakin. Ta ce tana ba shi koko a baki. Ba ta dube ni ba da take faɗa.

Laraba, 6 ga Satumba, bayan azahar

Yau aka ɗebi ɓargo. Allura ce mai kauri, ta ƙashin ƙugu. Suka ce mutum ɗaya ya shiga ya riƙe shi. Yaya ya shiga, ya ga allurar a kan faranti, ya fito yana dafa bango. Mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai. Ya ce, "Muttaka, ba ni iyawa. Kai ka saba da allura. Shiga."

Na shiga. An kwantar da shi a gefe, an naɗe gwiwoyinsa. Na riƙe kafaɗa da cinya yadda nake riƙe ɗan maraƙi, don ita kaɗai na iya. Ba nauyi. Da aka fara sai ya soma fizga yana kiran Baba, ba ni yake nufi ba. Nas ɗin ta ce, "Malam, yi masa magana mana, kira sunansa ya dube ka, in ya motsa sai mun sake."

Na buɗe baki. Na ce, "Kai." Na ce, "Yaro." Bai ji ba.

Sai na faɗa. Na sa bakina a kunnensa na faɗa, na sake faɗa, ban san sau nawa ba. Ya daina fizga. Ina jin mamaki ne ya tsayar da shi. Ya buɗe ido yana kallona har aka gama.

Labule ne kawai tsakaninmu da baranda.

Alhamis, 7 ga Satumba, da safe

Jira.

Juma'a, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Sankarar jini. Na rubuta.

Likitar ta zaunar da mu ni da Yaya. Ta ce a cikin ɓargo ake yin jini, nasa ya cika da mugun iri har ya rasa wurin yin mai kyau, cikar ce take matsa ƙashi daga ciki. Shi ne ciwon ƙafar, shi ne tabon, shi ne haɓon. Ta ce magani zai ɗauki shekaru, gashinsa zai zube, akwai masu tashi akwai waɗanda ba sa tashi, ba za ta yi mana alkawari ba. Na tambaye ta da mun zo tun ranar da na ga idon fa. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani, abin da ke gabanmu shi ne fara magani ranar Litinin.

Na fassara wa Yaya abin da ta faɗa da Turanci a tsakani, ban rage komai ba wannan karon.

Muka zauna ƙarƙashin dalbejiya a bakin ɗakin. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce zai koma gida ranar Lahadi, a yanke gero a sayar, ya dawo da abin da ya samu, haka zai riƙa yi. Ni in nemi hutu in zauna, tunda ni nake jin abin da suke cewa. Na ce to.

Ya ce, "Na ji ka shekaranjiya."

Na ce nas ce ta sa ni.

Ya ce, "Ashe ka iya. Ni na ɗauka bakinka ne ba ya lanƙwasuwa." Ya goge ido da hannun riga. "Ka ci gaba da kiranai. Ba ni nan, kar shi juya shi ji ba kowa."

Litinin, 11 ga Satumba, da yamma

An sa maganin farko. Ya yi amai sau da yawa, sannan ya yi barci. Da ya farka ya tambaye ni akuyar Inna. Na ce tana nan tana cin na mutane. Ya ja fatar idonsa ya ce in duba. Na duba, a gaban Zulaihat, a gaban matan gadon kusa. Na ce da saura, amma ba za a yanka ba.

Laraba, 13 ga Satumba, da hantsi

Abbati ya sha koko rabin kofi, bai dawo da shi ba.

Abbati ya ce ƙafar ta yi sauƙi yau.

Abbati.